Laifin Wa? Suleja da Saurin Yanke wa Talaka Hukunci

Ranar Asabar, 18 ga Janairun 2025, da hantsi, wata tankar mai ɗauke da fetur kusan lita 60,000 ta kife a mahaɗar Dikko, inda hanyar Suleja zuwa Minna ta ratsa babbar hanyar Abuja zuwa Kaduna. Mai ya malala, jama'a suka yo ca da jarkoki da bokitai, aka kawo wata tankar don a juye abin da ya saura, aka tayar da janareta, wuta ta kama. Bayan kwana biyu hukumomin agaji suka ce mutum 98 ne suka rasu, wasu da dama kuma suna kwance a Babban Asibitin Suleja da wasu asibitoci. Tun ba a gama binne mamatan ba, jama'a sun riga sun gama shari'a. A rediyo, a majalisun unguwa, a Facebook, hukuncin kusan ɗaya ne: kwaɗayi mabuɗin wahala, su suka ja wa kansu, mutanenmu ba sa jin gargaɗi. Ko wata huɗu ba a yi ba da gobarar Majiya a Jihar Jigawa, wadda ta ci sama da mutum 150, saboda haka wa zai ce bai ji ba?

Wannan hukunci ba ƙarya ba ne ɗungurungum, kuma abin da ya sa yake da haɗari ke nan. Yana ɗauke da gaskiya daidai gwargwadon da za ta sa mai magana ya daina tambaya. Abin da nake son nunawa shi ne, dalilin da muka zaɓa don bayyana aikin wani shi ne yake zaɓa mana maganin da za mu nema, kuma a ƙasar nan ba a raba dalilan nan da adalci. Idan mai ƙarfi ya kasa, sai a lissafo masa uzuri: kasafin kuɗi, damina, gadon matsala daga gwamnatin baya. Idan talaka ya kasa, sai a ce haka yake. Suleja, garin da ya ba Najeriya sunan babban birninta sannan ya koma ɗaukar nauyin da birnin ya sauke, wuri ne da wannan rabo yake bayyana ƙarara.

Masana halayyar ɗan Adam sun daɗe da lura da wannan karkata. Fritz Heider, a littafinsa na 1958, ya ce duk mai kallon aikin wani yana raba dalilinsa gida biyu, ko dai daga cikin mutumin yake, ko daga abin da ya kewaye shi, kuma ido ya fi saurin kama mutumin domin shi ne yake motsi. A 1967 Edward Jones da Victor Harris suka ba ɗaliban jami'a a Amurka maƙaloli, wasu na yabon Fidel Castro na Kyuba, wasu na sukarsa. An faɗa wa wasu daga cikin masu karatun ƙiri-ƙiri cewa marubucin ba shi ya zaɓi ɓangarensa ba, umartarsa aka yi. Duk da haka suka ci gaba da ɗaukar wanda ya rubuta yabo a matsayin mai ƙaunar Castro. Shekara goma bayan nan Lee Ross ya kira wannan ɗabi'a babban kuskuren jingina dalili. Gwajin da ya fi kusa da mu shi ne na John Darley da Daniel Batson a 1973, da ɗaliban makarantar horar da limaman Kirista ta Princeton. An tura kowanensu wani gini ya yi jawabi, wasunsu ma a kan labarin Basamariyen da ya taimaki wanda 'yan fashi suka jikkata, aka kuma ajiye wani mutum a hanya yana nishi kamar mara lafiya. Cikin waɗanda aka ce musu akwai sauran lokaci, kashi 63 cikin ɗari sun tsaya. Cikin waɗanda aka ce musu sun makara, kashi 10 ne kacal. Da wani zai tsaya gefe yana kallo, zai rantse cewa ya ga masu tausayi da marasa imani, alhali abin da ya fi raba su shi ne agogo.

Akwai hanya mai sauƙi ta gwada ko dalili yana cikin mutum ko yana wajensa, wadda Harold Kelley ya tsara a 1967, kuma tambayarta ta farko ita ce: wasu mutane dabam, idan suka sami kansu a wuri irin wannan, me suke yi? Idan ɗabi'ar mutanen Dikko ce, ko ta 'yan Arewa, ko ta 'yan Najeriya, ya kamata abin ya tsaya a kansu. Bai tsaya ba. A Jesse ta Jihar Delta, a Oktoban 1998, gobarar bututun mai ta kashe kusan mutum dubu. A Sange ta Kwango a 2010, fiye da 200. A Ahmedpur ta Pakistan a 2017, fiye da 200. A Janairun 2019 a Tlahuelilpan ta Meziko, mutum 137. A 2019 ɗin dai aka yi ta Yamai, kusa da filin jirgin sama, aka kuma yi ta Morogoro a Tanzaniya, sai ta Fritawun a Saliyo a 2021. Musulmi da Kirista, baƙi da farare, masu harsuna da al'adun da ba su taɓa haɗuwa ba, duk sun ruga wajen mai da mazubi a hannu. Abin da ya haɗa su shi ne tsada ko ƙarancin mai, da aljihu wayam, da lokaci mai tsawo tsakanin zubewar mai da zuwan wanda zai kange wurin, idan ma ya zo.

A yi lissafin da mai jarka ya yi a safiyar nan. Kafin 29 ga Mayun 2023, ranar da Shugaba Bola Tinubu ya sanar da cire tallafi, litar fetur ba ta kai naira 200 ba a farashin hukuma. A Janairun 2025 tana wajen naira 1,000. Jarka mai lita 25 ta zama kusan naira 25,000, wato fiye da kashi ɗaya cikin uku na mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 da aka sa wa hannu a 2024, albashin da ɗan acaba da mai shayi da ɗan dako ba su ma san kamanninsa ba. Ga shi kuma yana ganin wasu sun cika sun fita lafiya, sun dawo karo na biyu. Haɗarin labari ne da ya ji daga Jigawa, ribar kuwa ga ta a gaban idonsa. Ba na cewa lissafin daidai ne, wauta ce mai kisa. Amma wauta ce irin wadda yunwa take koya wa kusan kowa, kuma mai faɗin kwaɗayi daga cikin mota mai sanyi bai taɓa zama jarrabawar da yake ba wasu maki a kanta ba. Sa'annan akwai abubuwan da kalmar kwaɗayi take haɗiyewa gaba ɗaya: me ya kifar da tankar, wa ya yarda a tayar da janareta kusa da fetur a tsakiyar jama'a, ina 'yan kwana-kwana suke a hanyar da tankoki ke kaiwa da komowa dare da rana saboda babbar ma'ajiyar mai ta NNPC da ke Maje, kuma mutum nawa cikin mamatan ne masu shaguna, ko 'yan kallo, ko waɗanda suka shiga ceton wasu?

Za a ce, kuma da hujja, ai ba kowa ne ya ɗebi man ba. A Dikko akwai matalauta da suka ga tankar suka ja da baya, suka janye 'ya'yansu. Idan talauci ne dalili, me ya hana su? Amsar ita ce ba wanda ya ce mutane ba su bambanta. A gwajin Princeton ma, ɗaya cikin goma na masu sauri ya tsaya. Ɗabi'a tana iya bayyana dalilin da ya sa wane ya je wane bai je ba. Abin da ba ta iya bayyanawa shi ne dalilin da ya sa ɗaruruwa suka taru a wuri ɗaya aka bar su har wuta ta tashi. Ko a ƙasashen da suka fi mu wadata akwai masu kwaɗayi, kuma tankokinsu suna faɗuwa, amma mai kwaɗayin can yakan tarar an riga an kange hanya kafin ya iso. Wanda ke neman rage yawan gawa ba shi da iko a kan zukatan mutane dubu, yana da iko a kan minti talatin na farko. Bayanin kwaɗayi kuwa magani ɗaya yake haifarwa, wato wayar da kai, wanda ba ya cin kuɗi sosai kuma ba ya kai kowa kotu. An yi shi bayan Majiya, a masallatai da gidajen rediyo, aka kuma yi Dikko.

Akwai wani abu kuma da ke sa hukuncin ya yi daɗin faɗa. A 1966 Melvin Lerner da Carolyn Simmons suka sa ɗalibai mata kallon wata da suke zaton ana jona mata lantarki a wani gwaji. Da suka ga ba su da yadda za su yi su cece ta, sai suka fara rage mata daraja a ransu, suna ganin kamar da ma ba mutuniyar kirki ba ce. Lerner ya fassara wannan da cewa mutum yana buƙatar ya yarda duniya tana biyan kowa daidai da aikinsa, in ba haka ba barci zai gagare shi. Duk wanda ke bin hanyar Kaduna ya san cewa motarsa za ta iya kasancewa a bayan tankar nan. Idan mamatan masu kwaɗayi ne, to shi ya tsira, tunda shi ba ya kwaɗayi. Idan kuwa hanya ce da sakaci, to gobe ma rana ce.

Wani zai ce duk wannan ciwon Turawa ne, mu nan ƙaddara muka sani. Akwai ƙamshin gaskiya a ciki. Joan Miller ta nuna a 1984 cewa manya a Indiya sun fi takwarorinsu na Amurka ambaton yanayi da dangantaka idan suna bayyana aikin wani. Amma a saurari yadda muke raba ƙaddarar. Idan ɗanmu ya faɗi jarrabawa, Allah bai nufa ba. Idan ɗan maƙwabci ne, da ma ba ya karatu. Idan direbanmu ya yi haɗari, tsautsayi ne, wanda ba ya wuce ranarsa. Idan na wata ƙabila ne, ganganci ne da shaye-shaye. Bertram Malle, da ya tattara bincike 173 a 2006, ya gano cewa da'awar da aka daɗe ana yi, wai kullum mutum yana ba kansa uzurin yanayi yana ɗora wa wasu ɗabi'a, ba ta da ƙarfin da aka zata. Inda ta tsaya da ƙafarta shi ne wajen abu mara kyau. Wajen abin yabo kuwa sai ta juye, nasarata ƙoƙarina ce, taka sa'a ce. Wannan gyara bai rushe maganar ba, ya dai nuna cewa abin ya fi kusa da son kai fiye da raunin ido. Bahaushe ya riga ya faɗa, laifi tudu ne.

Tarihin garin kansa darasi ne a kan wannan. Lokacin da mayaƙan jihadi suka ci Zariya a farkon ƙarni na 19, Sarkin Zazzau Muhammadu Makau ya yi kudu da jama'arsa, ɗan'uwansa Abu Ja ya gaje shi ya kafa garin Abuja, wato Suleja ta yau, a 1828. A idon Zariya, waɗannan mutane ne da suka ƙi gaskiya. A idon Turawa, da suka kawo wa garin yaƙi a 1902, masu tare fatake ne a hanya, hujjar da suka kafa ke nan. Sai da Malam Hassan da Malam Shu'aibu Na'ibi suka rubuta tarihin garin daga ciki, wanda aka buga fassararsa ta Turanci a 1952, sannan mai karatu na waje ya ga mutanen da aka raba da gidansu, suke zaune tsakanin duwatsu kewaye da abokan gaba, suna riƙe da sarautun Haɓe da suka ɓace a wasu wurare, har M. G. Smith ya dogara da su wajen gano tsarin mulkin Zazzau na da. Amma kada a yi saurin tafi. Ɗaya daga cikin sarakunan Abuja, Ibrahim, laƙabinsa Dodon Gwari, kuma ba don wasa aka sa masa ba. Waɗanda aka yi wa mummunar fassara su ma sun yi wa na ƙasa da su. Har yau akwai barkwancin da ke ɗaukar Bagwari a matsayin bagidaje, a garin da Ladi Kwali, Bagwariya, ta shiga cibiyar tukwane da Michael Cardew ya kafa, ta kai sunan wurin har Ingila da Amurka, hotonta kuma yana bayan takardar naira 20.

Thomas Pettigrew ya ba wannan salo suna a 1979: idan namu ya yi ɓarna, shi kaɗai ne, ko kuma an tura shi bango, idan nasu ya yi, haka suke dukansu. Suleja ta ɗanɗani wannan a 2011, shekarar da bom ya tashi a ofishin hukumar zaɓe ranar 8 ga Afrilu, wani kuma a cocin Katolika ta Saint Theresa da ke Madalla ranar Kirsimeti, har Shugaba Goodluck Jonathan ya sa ƙaramar hukumar cikin dokar ta-ɓaci a ƙarshen shekarar. Kotu ta kama mutum da sunansa, ta ɗaure Kabiru Sokoto rai da rai a 2013. Zargin unguwa kuwa ba ya neman suna, kama da sutura sun ishe shi, a garin da Bahaushe da Bagwari da Koro da Ibo da Bayarabe suke cin kasuwa ɗaya.

Ba sai an jira masifa ba kafin a ga abin. A 1976 gwamnatin Murtala ta zaɓi wannan yanki ya zama babban birni, aka ɗauki sunan Abuja aka ba sabon birnin, tsohon garin ya koma Suleja, daga sunan Sarki Sulaimanu Barau. Ma'aikatan farko na hukumar gina birnin a nan suka sauka, unguwar Field Base shaida ce. Da gwamnati ta tare a Disambar 1991, da kuma rusau ɗin zamanin da Nasiru El-Rufa'i yake ministan birnin tsakanin 2003 da 2007, da hana acaba a tsakiyar birnin a 2006, dubban waɗanda Abuja take buƙatar aikinsu amma ba ta da wurin kwanansu suka kwararo Suleja da Madalla. Ƙidayar 2006 ta ba ƙaramar hukumar mutum dubu 216 da 'yan kai, kuma ba mai shakkar cewa an wuce nan nesa. Masinja ko mai shara da ke kwana a Suleja yakan fito tun duhun asuba, ya bi ta Zuba da Kubwa, tafiyar kusan kilomita 50, da kuɗin motar da ya ninka tun 2023. Idan ya makara, maigidansa da ke Maitama, wanda tafiyarsa ba ta wuce minti goma sha biyar, yana da kalma a shirye: lalaci. Haka mai wucewa yake ganin shara da cunkoso da gine-gine a bakin rafi ya ce mutanen Suleja ba su da tsari, bai tambayi yadda garin da aka gina don masarauta ɗaya zai ɗauki ma'aikatan babban birnin ƙasa da kason ƙaramar hukuma ɗaya ba.

Suka mafi nauyi ita ce ta masu tsoron kada neman dalili ya zama wanke laifi. Idan kowane aiki yana da uzuri, wa za a hukunta? Amma shari'ar da mafi yawan mutanen Suleja suka tashi a cikinta ba ta ga karo tsakanin biyun ba. Imamu Malik ya kawo a Muwaɗɗa labarin bayin Haɗib da suka saci taguwar wani mutumin Muzaina suka yanka. Da maganar ta zo gaban Sayyidina Umar, bai tsaya kan ɓarayin kaɗai ba, ya waiwayi ubangidansu ya tuhume shi da barin su da yunwa, ya tambayi kuɗin taguwar aka ce dirhami 400, ya sa shi biyan 800. Malamai sun kuma ruwaito cewa ya dakatar da haddin sata a shekarar yunwa. Umar bai ce sata ta halatta ba, kuma ba wanda ya taɓa zarginsa da sassauci. Abin da ya yi shi ne ya bi sawun laifin har inda ya faro, sai adadin masu amsa tambaya ya ƙaru maimakon ya ragu. Duba yanayi ba ya sauke nauyi daga kan mai jarka, yana dai hana mai tankar da mai janareta da mai kwangilar hanya da hukuma su ɓuya a bayansa.

Kuma ba wai ba mu iya irin wannan duba ba ne. A daren 24 ga Afrilun 2024 aka tafka ruwa da iska a Suleja, katangar gidan yari ta rushe, fursunoni kusan 120 suka tsere. Ministan cikin gida, Olubunmi Tunji-Ojo, ya zo ya duba, ya bayyana cewa ginin na 1914 ne, an yi shi don mutum 250, ana tsare da 499 a ciki. Bayani ne mai kyau, na gaskiya, irin wanda yake nuna abin da za a gyara da kuɗin da za a nema, kuma jama'a sun karɓe shi ba gardama. Ba a ji wanda ya ce ma'aikatun da suka shekara da shekaru suna kallon katangar tana tsagewa haka jininsu yake ba, ba a kuma shirya musu gangamin wayar da kai ba. An yi maganar tsufan gini, da yawan masu jiran shari'a, da buƙatar mayar da gidan yarin wajen gari.